Me masu ɗanɗana giyar inabi ke nema a cikin kofi?

Tambaya: Ina karatun kula da otal a Faransa. A zangon nan an sa mana darasi kan giyar inabi, musamman masu zaƙi da ake kawowa bayan abinci da jajayen da suka daɗe a ajiye. Ni ba na sha. Ina dai ganin malaminmu yana kaɗa kofi, ya sansana, ya kurɓa ya tofar, sai ya ce wannan ta nuna, waccan lokacinta ya wuce. Me yake ganowa? Kuma da gaske ne duk wadda ta fi tsufa ta fi kyau?

Amsa: Ƙanena, bari in fara da tambayarka ta ƙarshe don ta fi sauƙi. A'a, ba haka ba ne. Yawancin giyar inabin da kake gani jere a kantuna an yi ta ne don a shanye cikin shekara 2 ko 3, wanda ya ajiye ta shekara 20 kuɗinsa kawai ya zubar. Kaɗan ce ake yi da nufin ta tsufa, kuma duk aikin malamin naku shi ne gane ko kwalbar da ke gabansa tana cikin kaɗan ɗin nan, in kuma tana ciki, a wane zango take na rayuwarta. Hukuncin giya a addini kai ma ka san shi, kuma ba fagena ba ne. Abin da ya shafi zamanka a ajin da aikin da za ka kama nan gaba, ka kai wa malamai. Ni abin da ke faruwa a cikin kwalba na sani, kuma za ka ga fiye da rabin aikin ido da hanci ne ke yin sa.

Abu 3 ne ke riƙe giya ta yi shekaru ba ta mutu ba: tsami, da bauri, da sukari. Jar giya tsami da bauri ne jarinta, mai zaƙi kuwa sukari da tsami. Ka lura tsami ya fito sau biyu. In ka riƙe wannan kaɗai, ka ci rabin jarrabawar.

Mu ɗauki mai zaƙin tukuna. Yis ne ke cin sukarin da ke cikin ruwan inabi ya mayar da shi barasa. Kimanin giram 17 na sukari a kowace lita ke ba da kashi 1 cikin 100. In barasar ta kai wajen kashi 14 ko 15, yis ya gaji ya tsaya. To in tun farko ruwan ya cika sukari fiye da abin da yis zai iya cinyewa, ragowar ita ce zaƙin. Yawancin dabarun na yadda za a rage ruwan da ke cikin ƙwayar inabi ne, sukarin ya taru wuri guda.

Dabarar da ta fi suna tana kusa da kai, a Sauternes, kudu maso gabas da birnin Bordo. Wani ƙaramin kogi mai sanyi, Ciron, yana zuba cikin Garonne da ya fi shi ɗumi, sai a lokacin kaka hazo mai laima ya rufe gonaki da safe, da rana kuma rana ta kore shi. Wannan yanayin ne wata fumfuna mai suna Botrytis cinerea ke so. Tana huda fatar inabin da ƙananan ramuka, ruwa ya tsane, ƙwayar ta yamushe ta yi toka-toka, wanda bai sani ba zai rantse gonar ta lalace. In laimar ta yi yawa ba rana, lalacewar ce kuwa ta gaske, don fumfunar nan ɗaya ce ke yin arzikin da tsiyar. Shi ya sa masu tsinka ke zagaya gona sau da yawa cikin makonni, suna ɗaukar wanda ya kai su bar wanda bai kai ba, wani lokaci ƙwaya-ƙwaya. Château d'Yquem, gidan da aka ware shi kaɗai a sama da kowa a jerin darajar da aka yi a 1855 zamanin Napoleon na 3, an san shi da cewa kurangar inabi guda kofi ɗaya take ba su. A shekarun da abin bai yi musu ba, irin su 1972 da 1974 da 1992 da 2012, ba su fitar da ko kwalba ɗaya da sunan ba. Wannan yana cikin tsadar da kake gani a takardar farashi.

A Tokaj ta ƙasar Hangari fumfunar ce dai, amma inabinsu, Furmint, ya fi Sémillon na Sauternes tsami, kuma sukan tsinke yamutsattsun ƙwayoyin daban su jiƙa su cikin ruwan inabi ko sabuwar giya. Kalmar puttonyos da ke kan kwalbarsu daga kwandon da ake auna ƙwayoyin ta samo asali. Tun 2013 doka ta ce Aszú, wato giyar da ake yi ta wannan hanya, ba za ta gaza giram 120 na sukari a lita ba, mai puttonyos 6 kuma giram 150. Akwai Eszencia, ruwan da ke ɗiga da kansa daga tulin ƙwayoyin ba a matsa ba, wanda ke haura giram 450. Barasarsa 'yar kaɗan ce don yis ba ya iya aiki a ciki sosai, da cokali ma akan ba da shi. Jamusawa da mutanen Kanada sanyi suke amfani da shi: a bar inabi a gona sai ya daskare, a Jamus digiri 7 ƙasa da sifili, a Kanada 8, a matse shi a daskare, ƙanƙarar ta tsaya a baya. A Andalus ta Sifen shanya inabin Pedro Ximénez suke yi a rana har ya kusa zama zabibi. A kwarin Douro na Fotugal kuma, wanda aka shata wa iyaka tun 1756, ba sa jiran yis ya gaji. Suna zuba barasar inabi mai ƙarfin kashi 77 ana tsakiyar aiki ta kashe shi, sukarin ya tsaya, giyar ta tashi da kashi 19 zuwa 22. Ita ce Port.

To, me ake aunawa in an zuba a kofi? Sabon shiga zaƙin yake yabawa, alhali zaƙi shi ne abin da ya fi arha. Kowa na iya zuba sukari. A 1985 an kama wasu masu giya a Ostiriya suna zuba sinadarin diethylene glycol don giyarsu ta yi zaƙi da kauri kamar mai tsada, abin da ya rusa musu kasuwar waje na tsawon shekaru. Abin da gwani ke jira shi ne abin da zai biyo bayan zaƙin. Ka san kunun tsamiya. In aka cika masa sukari tsamiyar ta yi kaɗan, kurɓa biyu ya gundure ka, bakinka ya yi danƙo. In tsamiyar ta ji, sukarin nan dai ɗaya ne amma sai ka shanye kwano kana neman ƙari. Haka abin yake. Sauternes mai kyau tana da giram 120 zuwa 150 na sukari a lita, ta fi Coca-Cola mai kimanin 106, amma bayan an tofar sai yawu ya tsinke a gefen harshe, baki ya wanku. In malaminku ya yi shiru bayan ya tofar, wannan tsinkewar yawun yake saurare. Wadda ta bar baki a manne kamar an lashi madi, ko nawa aka saye ta, ba ta yi ba, kuma ba za ta tsufa da kyau ba.

Launinta yana ba da labarin shekaru. Farar giya duhu take ƙarawa: daga ruwan zinariya mai haske, zuwa ruwan zuma, zuwa kalar shayin da ya jiƙu. Yquem mai shekara 50 tana iya yin duhu sosai alhali lafiyarta ƙalau. Abin tsoro shi ne 'yar shekara 5 da ta riga ta yi ruwan ƙasa, wannan iska ce ta shige ta. Hawayen nan da ke gangarowa a jikin kofi bayan an kaɗa, waɗanda baƙi ke son yin sharhi a kai, barasa da sukari kawai suke nunawa, ba ruwansu da inganci. Kada ka rubuta su a jarrabawa a matsayin hujja.

A hanci za ka ji ana ambaton zuma, ɓawon lemo da aka dafa da sukari, za'afaran, busassun 'ya'yan itace. Akwai wani ƙamshi da 'yan ajinku Turawa za su sha wuya kafin su kama sunansa, kai kuwa tun kana yaro ka san shi: hulba. Sinadarin sotolon da ke ba hulba ƙamshinta yana samuwa a giyar da fumfunar nan ta taɓa da kuma tsohuwar Port da Madeira, giyar wani tsibirin Fotugal mai wannan suna. Ranar da na fara jin sa a wani tsohon kofi, ɗakin kakata na tuna, ban tuna wani littafi ba.

Yanzu jajayen. Kalmar tanin da za ka yi ta ji a aji daga sana'ar jima ta fito. Abin da majema a Kano ke nema a cikin bagaruwa don fata ta kama ta daina ruɓewa, danginsa ne ke cikin fatar inabi da ƙwallonsa da gangar katakon da ake ajiye giyar. Yana kama sinadaran gina jiki da ke cikin yawu, shi ya sa baki ke bushewa, kamar ka tauna goro ko ka sha shayin da aka manta a kan wuta. Wannan shi ne bauri, kuma ji ne na taɓawa a dasashi da harshe, daban yake da ɗaci. Sabuwar giyar Bordo daga inabin Cabernet Sauvignon, ko Barolo ta Italiya daga Nebbiolo, baurinta yana iya hana mutum jin komai. Shi ya sa doka ta hana fitar da Barolo kasuwa sai ta yi wata 38, 18 daga ciki a ganga, jar Gran Reserva ta yankin Rioja a Sifen kuma sai ta yi shekara 5.

Cikin shekaru, da 'yar iskar da ke cikin kwalba, tanin yana haɗuwa da sinadarin launi, wani ya kwanta a gindin kwalba kamar gari, wanda ya rage ya yi laushi. Launin ma irin na zobo ne, dangin sinadari ɗaya ne, kuma ka san yadda zobo ke dusashewa ya koma ruwan ƙasa in ya daɗe. Jar giya haske take ƙarawa, akasin fara. Malaminku yana karkata kofi a kan farar takarda ne don ya duba bakin gefen: shuɗi-shuɗin ja alamar ƙuruciya, ja sosai tsakiyar shekaru, kalar jan bulo ta manyanta, ruwan ƙasa har tsakiya kuwa yawanci an makara. Sai dai a yi hattara, Nebbiolo da Pinot Noir tun suna yara launinsu ba shi da duhu, kuma Nebbiolo kan yi ruwan lemo a gefe da wuri. Wanda bai san irin inabin ba zai ƙara mata shekara 10 a banza.

Ƙamshi ma yana sauyawa. Na farko na ɗanyen 'ya'yan itace ne daga inabin kansa. Na biyu daga aikin hannu yake, yis da ganga: hayaƙi, kanumfari, gasasshen burodi. Na uku shekaru ne ke kawo shi: jemammiyar fata, ganyen taba, naman kaza, busasshen ɓaure, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. Lokacin da ake cewa giya ta nuna shi ne sa'ad da na ukun ya iso na farkon bai gama tafiya ba. In 'ya'yan itacen sun tafi gaba ɗaya, sai tsami tsirara da bushewa suka rage, ita ce wadda ya ce lokacinta ya wuce. A nan ra'ayi ya rabu, an daɗe ana tsokanar Ingilishi da son tasu ta tsufa tukuf, Faransawa kuma da shanyewa da wuri. Ni dai a ganina gara a buɗe da saura shekara 2 da a buɗe an makara da shekara 2, don wadda ba ta kai ba iska na iya taimaka mata a tulu, wadda ta wuce kuwa ba mai dawo da ita.

Ma'auni na ƙarshe shi ne daɗewar ɗanɗano bayan an tofar. Faransawa har suna suka ba shi, caudalie, kowane ɗaya daƙiƙa guda. Giyar yau da kullum kafin ka ƙirga 3 ta ɓace, babba kuwa tana iya wuce 10 tana sauya kamanni. Ƙamshi ne ke hawa ta bayan maƙogwaro zuwa hanci, shi ya sa kake jin suna zuƙar iska ta tsakanin haƙora da wannan ƙarar mara daɗi. Tofarwar kuma dole ce, wanda zai gwada kofi 60 kafin azahar in yana haɗiyewa ba zai kai na 15 da hankalinsa ba.

A aikin otal, kafin a kai ga duk wannan, kwalbar kanta za ka fara karantawa. Ɗaga ta ka ga inda ruwan ya tsaya. Yana cikin wuya, madalla. A saman kafaɗa, ga mai shekara 30 ba laifi. Ya sauka tsakiyar kafaɗa ko ƙasa, toshiya ta yi rauni iska ta shiga. In toshiyar ta turo kai waje ko ka ga alamar yoyo a ƙarƙashin marfi, zafi ya taɓa ta. Ana son ajiya a wajen digiri 12 zuwa 13, a kwance, cikin duhu da ɗan laima. Na taɓa aiki a wani gidan abinci da mai shi ya jera tsofaffin kwalabensa a kan kanta kusa da ƙofar kicin don baƙi su gani. Cikin bazara ɗaya suka koma warin dafaffen zabibi, ba wadda ta tsira. Ka kwatanta da kwalbar da ta kwana wata uku a kwantena a tashar jirgin ruwa, ta zo ta zauna a kanti a Yamai cikin zafin Afrilu. Madeira ce kaɗai ba ta damu ba, don da gangan ake gasa ta, wata 3 ko fiye a digiri 45 zuwa 50, ko a bar ta shekaru a ɗakin sama mai zafi. Duk abin da zafi da iska za su yi mata an riga an yi, shi ya sa har yau ake shan ta ƙarni na 19.

Tsohuwar ja ana tsayar da ita kwana 1 ko 2 garin ya kwanta, a buɗe a hankali da mabuɗi mai harshe biyu don tsohuwar toshiya farfashewa take, a tsiyaye cikin tulun gilashi da kyandir a ƙarƙashin wuyan kwalba, da an ga garin ya iso a tsaya. Kada ka bar ta tana jira kamar sabuwa. Mai shekara 40 tana iya buɗe ƙamshinta na minti 20 sannan ta rufe ke nan. Ja ana kawo ta a digiri 16 zuwa 18, mai zaƙi 10 zuwa 12. In ka sanyaya ta kamar lemon kwalba ƙamshin ya ɓuya.

Aibobi kuwa duk da hanci ake kama su, nan ne za ka iya fin masu sha. Warin jiƙaƙƙen kwali ko ɗakin da ya daɗe a rufe da damina, sinadarin TCA ne daga toshiya, kuma hancin mutum yana jin sa ko da 'yan nanogiram ne a lita. Ɓurɓushin toshiya da ya faɗa kofi ba shi ne wannan aibin ba, baƙi da yawa suna haɗa su. Warin man goge farce ko binega, ƙwayoyin cuta ne suka fara tsamar da ita, ko da yake a masu zaƙi ana yafe ɗan kaɗan. Warin bargar doki daga wani yis ne, Brettanomyces, wasu na son ɗigonsa a tsohuwar Bordo, ni ba na so, yana shafe bambancin gona da gona. Warin tuffa da aka yanka aka bari ta yi baƙi, iska ce.

Amma kada kwarjinin gwanaye ya rufe maka ido. A 2001, a Jami'ar Bordo, Frédéric Brochet ya ba ɗaliban ilimin giya 54 farar giya da aka rina ja da launi mara ɗanɗano, suka yi ta siffanta ta da kalmomin jar giya. Robert Hodgson ya riƙa saka giya ɗaya sau 3 a ɓoye cikin jerin da alkalan gasar Kalifoniya ke gwadawa, ya tarar kimanin kashi 10 cikin 100 ne kawai ke ba ta maki kusan iri ɗaya. A Paris kuma, ranar 24 ga Mayu 1976, Steven Spurrier ya tara alkalai Faransawa 9 aka rufe sunayen kwalabe, sai giyar Kalifoniya ta zo ta ɗaya a fara da ja, ta Chateau Montelena da ta Stag's Leap, duk 'yan 1973. Ɗaya daga alkalan ranar, Christian Vanneque, shi ne a 2011 ya sayi kwalbar Yquem ta 1811 a Landan kan fam 75,000. Makin nan na 100 da Robert Parker, Ba'amurke mai sharhin giya, ya yaɗa daga 1978 yana da amfani wajen ciniki, amma tazarar da ke tsakanin 93 da 95 ta fi zama a yanayin mai ba da makin ranar nan.

Inda tsufa ya zama kuɗi kuma, ɓarayi suna nan. Kwalba ɗaya ta Romanée-Conti, wata shahararriyar jar giyar Faransa, ta 1945, shekarar da 600 kacal aka yi, ta tashi dala 558,000 a gwanjon Sotheby's a 2018. Rudy Kurniawan ya yi shekaru yana haɗa giya a gidansa a Kalifoniya yana liƙa tsofaffin takardu, manyan masu tarawa suna sha suna yabo. Abin da ya fara tona shi a fili lissafi ne: a 2008 aka kawo gwanjo kwalaben Clos Saint-Denis na gidan Ponsot masu shekarun 1945 zuwa 1971, Laurent Ponsot ya zo da kansa ya ce gidansu bai fara yin wannan giyar ba sai 1982. An kama Kurniawan a 2012, aka ɗaure shi shekara 10 a 2014. Tsohuwar giya ba ta da ma'auni tsayayye, kwalba biyu daga akwati ɗaya ma sukan bambanta, shi ya sa ƙarya ke samun wurin ɓuya.

Don jarrabawarka, ka roƙi malamin ya bar ka ka tsaya a ido da hanci, ka riƙa rubuta abin da ka ji kafin kowa ya buɗe baki, don da mutum ɗaya ya ce zuma, duk ajin zuma za su ji. Tsami da bauri kuwa kana iya koyon auna su a ɗakinka. Dafa baƙin shayi kofi 3, ɗaya minti 2, ɗaya minti 5, ɗaya minti 10, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana lura da dasashinka. Sai ka haɗa zobo da sukari daidai wa daida a kofi 3, ka bar ɗaya haka, ka matsa lemon tsami kaɗan a na biyu, da yawa a na uku, ka ƙirga daƙiƙa nawa yawu ke ɗauka kafin ya tsinke a kowanne.